Kawu Ɗanladi da Kwalbar Asibiti

Ku da kuka san Kawu Ɗanladi na Toranke, ƙanen mahaifiyata, kun san bai taɓa zuwa wurin mutum hannu rabbana ba. Ko gaisuwar mutuwa za shi, sai ya ƙulla gyaɗa a leda. Har alƙali ya taɓa miƙa wa, ranar da ya je ba da shaida.

Sai ciwon ciki ya sa shi a gaba. Gudawa har da jini, ga murɗa, ga rama, rigarsa ta koma kamar ta aro. Shi dai basir ne, in ji shi. Ya sha saiwa, ya sha sassaƙe, har damina ta faɗi ya kasa ɗaga fartanya. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti a Gaya. Likita ya ce sai an gwada bayan gidansa, a ga ko tsutsa ce ko hanjin ne ya kumbura. Aka ba mu wata 'yar kwalba.

Kawu ya juya ta, ya dube ni. "Wannan 'yar abar? Sun ɗauke ni marowaci ne?"

Washegari ya fito da gwangwanin madara, babban, naɗe cikin sabon ƙyalle. Na yi magiya har na gaji. A mota wata tsohuwa ta tambaya ko zuma ce, a sam mata. Ya ce ta yi haƙuri, likita ya riga ta.

A tagar ɗakin gwaji ya ajiye gwangwanin da hagu, ya ajiye ƙullin gyaɗa da dama. Na ce, Kawu, don Allah fa. Ya ce, "Kai, bawan Allah zai wuni yana duba wannan abu saboda ni, in kawo masa shi haka kawai?" Ma'aikacin ya yi dariya har da hawaye, ya ɗan lakuta da tsinke, ya ce mu koma da sauran. Kawu bai huce ba har muka wuce Ajingi.

Sakamako ya nuna hanjin a kumbure yake. Aka tura mu Kano, likitoci suka leƙa cikinsa da na'ura, suka ɗora shi a kan magani. Ya koma gona, ya ci damina da dama. Sai daga baya ya gaya min cewa kafin mu shiga mota ranar kai gwangwanin nan ya riga ya zaga da babban ɗansa ya nuna masa iyakokin gonar, don bai zaci zai sake shuka ta ba. Ashe duk rigimar nan, tsoro ne fal cikinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara, ya sa ya huta.