Dokas, Matar Setimiyo

A Plumstead, wata unguwa a London, duk wanda ya san Dokas Kambai ya san ta da baƙaƙen tufafi da rufe baki. Wasu na cewa girman kai ne. Ƙarya suke yi, ba su san abin da matar nan ta haɗiye ba.

'Yar wajen Kafanchan ce. Tana sayar da tuwo a bakin sabon titi lokacin da wani kamfani ya kawo magina daga Italiya, cikinsu har da Setimiyo, ɗan siriri mai yawan surutu, wanda ya koyi Hausa a bakin leburori, zagi kafin gaisuwa. Suka yi aure a ofishin rajista, ubanta yana fushi. Da aiki ya ƙare suka taho London: shi yana shimfiɗa dutsen daɓe a manyan gine-gine, ita tana gyaran gadaje a wani asibiti a Whitechapel. Allah bai ba su haihuwa ba.

Kai, mutumin nan da garinsu! Ba a cin abinci a gidansu sai an hau dutsen garin an sauko da baki. Coci bakwai ne, in ji shi, mafi tsufa ta haura shekara ɗari takwas, kuma a ƙoli akwai ganuwar yaƙi mai hasumiya huɗu, inda kakanninsu ke ɓuya in mahara sun zo. Dokas ta haddace sunan kowace coci, ta san wadda ƙararrawarta ta tsage. Amma in ta ce, "To yaushe za ka kai ni in gaida Mama?" sai ya sosa ƙeya ya ce baɗi. Shekara goma sha ɗaya ana baɗi. Abin yana cin ta, domin ita a wajenta matar da uwar miji ba ta sa wa albarka ba, aurenta da saura.

A 1975, shekarar da 'yan gida suka cika shagunan London da kuɗin fetur suna sayen akwatuna kamar za a daina yi, ƙurar dutse ta gama da huhun Setimiyo. Ƙanenta Ephraim ya rubuto cewa ta dawo gida, yanzu ƙasa ta yi daɗi. Ina! Tana goge wa mijinta jini a baki. Kafin ya cika ya roƙe ta abu ɗaya, ta kai shi garinsu.

Ta sayi tikiti, ta bi gawar a jirgi, sannan a mota. Ga garin nan a kan dutse yadda ya faɗa, har ta riƙa nuna coci-cocin da yatsa tana kiran sunayensu, direba yana mamaki. A ranta tana cewa yau dai Mama za ta san surukarta.

Tsohuwar na zaune a ƙofar gida, ƙanƙanuwa cikin baƙi. Dokas ta yi abin da aka koya mata a gida: ta cire takalmi, ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai tana jira. Suruka ba ta fara magana, sai an ɗaga ta an kira ta 'ya. Su kuwa mutanen gidan suka dubi juna. A wajensu wa ke durƙusawa haka in ba mai aiki ba? Aka ɗaga ta da fara'a, aka kai ta kicin, aka ba ta miya da burodi ita kaɗai. Ta ɗauka al'adarsu ce, ta ci gaba da jira.

Da safe a hanyar coci ta ga takardun sanarwar mutuwarsa manne a bango. Ba ta jin yarensu, amma suna ai suna ne. Ga na uwarsa, ga na ƙannensa mata biyu, har da mazansu. Ta bi layin da yatsa sau uku, nata babu.

Fada, limamin cocin, ya taɓa zama a Ingila, shi ya warware mata. Ya kama hannunta ya ce cikin Turanci, "Ke ce nas ɗin! Ya sha rubuto wa uwarsa labarinki, nas mai kirki da ke kula da shi tun daga Afirka."

Nas! Shekara goma sha ɗaya tana wanke masa kai, tana jin tarinsa a ƙirjinta, ashe nas ce. Ranta ya ɓaci har idonta ya rufe. Takardar aure na cikin jakarta, hannu kawai za ta sa. Amma ga akwatinsa a gaban bagade, ga tsohuwa ana riƙe da ita kada ta faɗi. In ta fito da takardar nan, ta tona asirin mijinta a gaban garinsu duka, a ranar da ba shi da bakin kare kansa. Ta ja zip ɗin jakar, ta koma kujerar baya.

Ba a ƙasa suka binne shi ba. Maƙabartar tana gindin ganuwar, bango ne mai ramuka jere sama da ƙasa. Aka tura akwatin a rami na uku, wani magini ya zo da bokitin siminti ya liƙe bakin yana shan taba. Dama da hagu duk da mutane a ciki, babu inda za a sa ta kusa da shi in ta mutu, ko da sun so.

Sai tsohuwar ta jawo hannun Dokas ta sumbata, ta yi magana, Fada ya fassara: "Ta ce Allah ya saka miki. Ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, ɗanta ya mutu gwauro a ƙasar mutane, ko matar da za ta yi masa kuka bai samu ba."

Kuka ya taso wa Dokas. Ta danne shi, don nas ba ta kururuwa a kan majinyaci. Ta ce a ranta, bari in isa ɗakina. Ta riƙe shi a mota, ta riƙe shi a jirgi, ta riƙe shi a bas har Plumstead. Ta buɗe ƙofa, ta zauna a bakin gadonsu, ta ce to, yanzu.

Ko ɗigo bai zo ba. Ranar Litinin ta koma gyaran gadaje.