Kwana Goma da Na Rufe da Zane

Jiya da rana ɗiyata ta shigo da waya a hannu tana karanta mini wani labari. Wai masu yin manhajar da ke tayar da kwamfuta suna iya daina sayar da ita, su koma karɓar kuɗi wata-wata, in ka daina biya su rufe maka. Ta ce ba a tabbatar ba, hasashe ne kawai ake yi. Ita abin dariya ya ba ta. Ni kuwa tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gidan da aka riga aka share, na ɗora ruwan zafi na manta da shi, na shiga ɗaki na fito ban san abin da na je ɗauka ba. Da ta tambaye ni abin da ke damuna sai na ce mata zafi ne.

Ba zafi ba ne. Ni an taɓa rufe mini, tun kafin a haife ta.

Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da cika shekara goma ba, ina aikin buga tafireta a ofishin wata makaranta a Yelwa. Hannuna yana da sauri, kuma ban ɓoye wa kowa ba, domin in ban yabi kaina ba babu mai yabona a ofishin nan. Da kwamfuta ta fara shigowa gari na ga alamar za a ajiye mu gefe tare da tafiretocinmu, sai na yi zuciya. Na kwashi adashina, na haɗa da raguna biyu da nake kiwo, na sayi tawa daga hannun wani mai kawo su daga kudu. Tsohuwa ce, fara da ta koma ruwan ƙasa, amma tawa ce. Haka dai na ɗauka. Injin fitar da takarda kam ban kai gare shi ba, na ce sai wani zagayen.

A makon ne Baba ya zo daga Warra don a duba masa ido, ya sauka wurina. Baba masunci ne, kuma a wani gungu aka haife shi, tsibiri a tsakiyar kogi, wanda ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse Kainji. Mu da aka haifa a sabon matsuguni ba mu san garin ba sai a bakinsa, kuma ba ya yawan buɗe bakin. In an tambaye shi sai ya nuna tafki da haɓa, shi ke nan. Amma da ya ga kwamfutar nan a kan teburina, na kuma cika masa baki cewa duk abin da aka zuba mata ba ta mantuwa, sai ya matso ya ƙare mata kallo. Washegari bayan ya karya kumallo ya jawo tabarma kusa da teburin, ya ce in buɗe, zai zuba mata garinsu.

Yadda ya bi da abin ya ba ni mamaki. Bai fara da sarakuna ko yaƙe-yaƙe ba. Daga kwata ya fara, inda ake ɗaure jirage, ya hau tudu gida-gida. Gidan wane, matansa, 'ya'yansa, wanda kada ya kama, wadda ta fi kowa iya banda kifi, inda rumbunsu yake, wa ke maƙwabtaka da wa. In ya zo kan sunan wani lungu sai ya koma Gunganci, yaren mutanen gungu, in tsayar da shi ya maimaita har in san yadda zan rubuta. Kullum gida biyu ko uku, in masu wuta sun ga dama. Ga madatsar ruwa a bayan ɗakinmu, amma wuta sai mun yi ta leƙen ƙwan fitila.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Duk sanda na kunna, sai wani ɗan rubutu ya leƙo a gefen allo yana cewa saura kwana kaza. Ya fara daga talatin. Washegari ashirin da tara. Na je wurin wanda ya sayar mini, ya ce ai ƙarfen na saya, abin da ke cikinsa yana da masu shi a ƙasar waje, sai an sayi wata lamba an sa masa sannan ya zauna daram. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tun farko. Ya ce ban tambaya ba. Ranar na faɗa masa maganganun da har yau ban yi nadamarsu ba. Kuɗin lambar kuwa ba ni da shi sai ƙarshen wani watan, ya ce kuma sai ya yi tafiya zai zo da ita.

Na dawo na gaya wa Baba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe na sayi jirgi na bar filafilin tuƙi a hannun mai shi. Daga baya dariyar ta ɗauke, ya ce su ma haka aka yi musu, an zo an ce saura wata kaza ruwa ya iso, wasu suka ɗauka wasa ne, har sai da suka ga ruwa a bakin rumbu. Daga ranar ya ƙara sauri, ni ma na ƙara. Ban yi barcin kirki ba a kwanakin nan, lambar nan tana raguwa a kaina ko ina ofis.

Mun kai saura kwana goma, mun wuce tsamiyar tsakiyar gari, saura unguwar su kakata da gidaje kaɗan, sai aka aiko daga Warra cewa jirginsa ya tsage, mai gyara yana jiransa. Dole ya koma. Ya ce sati biyu zai yi. Na ce to kwana goman fa?

A nan muka yi kuskuren, ni da shi tare, kuma da hankalinmu muka yi shi. A bakin tafki in ka ɗauki hayar jirgi, ranar da ka sa shi a ruwa ita ake ƙirga maka. Ranar da iska ta tashi ko rashin lafiya ta hana ka fita, jirgi yana kife a tudu, babu mai ce maka komai. Kowa ya san wannan, ko yaro.

“In jirgi na bisa tudu ba a ƙidaya mai kwana,” in ji Baba. “Kashe ta ki ɓoye kwanakkinki. In na komo mu ci su.”

Maganar ta shige ni sarai. Kullum da na kunna ne lambar ke raguwa, to in ban kunna ba fa? Na kashe ta, na zare waya daga bango, na ɗauko zanen atamfa mai kyau na lulluɓe ta. Har wani daɗi na ji, kamar na yi wa masu ita wayo. Sati biyun nan ko kusa da teburin ban yarda kowa ya je ba. Wata abokiyar aikina ta roƙe ni in buga mata takardar neman canjin wurin aiki, na hana, na ce kwanakina ƙirgaggu ne. Ta yi fushi da ni, ban damu ba.

Baba ya dawo ranar da ya ce, da busasshen kifi a ƙunshe. Ya jawo tabarmarsa. Na yaye zane, na kunna. Allo ya kawo haske, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce lokaci ya cika, sai lamba. Na kashe na sake kunnawa. Na sake. Na zare waya na mayar. Na danna duk abin da ke dannuwa. Baba yana zaune yana kallon hannuna. Ashe ita a cikinta akwai agogon da ba ya barci, ko tana tudu ko tana ruwa.

Mai sayarwa ya yi tafiya, aka ce sai bayan damina. Ban iya jira ba, dama haƙuri ba halina ba ne. Na naɗe ta a zanen nan na shiga mota na kai ta wurin wani mai gyara da aka yaba mini a wani gari. Ya ce in je in dawo da la'asar. Da na dawo ya tarbe ni da fara'a, ya ce ya wanke ta tas, ya zuba sabuwar manhaja wadda ba za ta ƙara ƙirga mini kwana ba. Na ce rubutuna fa? Ya ce wane rubutu? Ban gaya masa akwai wani abu a ciki ba, shi kuma bai tambaya ba. Bayan shekaru na ji cewa da an ciro rubutun tukuna kafin a wanke, abu ne mai sauƙi. Da ban ji ba ya fi mini.

A mota ina dawowa na yi ta lallashin kaina cewa ai Baba yana nan, bakin da ya faɗa zai sake faɗa. Amma ya riga ya koma gida, kuma damanar nan zazzaɓi ya kwantar da shi sosai. Sai bayan kaka na samu na je Warra. Ban ɗauki kwamfuta ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta na saya da biro biyu.

Na same shi a inuwa yana kallon masu ɗinkin tarun kamun kifi, ya rame. Da na faɗa masa abin da ya faru bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce shi ya ɗauka ya sauke kayan nan, tun da ya zuba su bai ƙara bin hanyar a ransa ba, alhali da kullum sai ya bi ta kafin ya tashi daga shimfiɗa. Duk da haka ya gyara zama ya fara. Kwata, gidan farko, na biyu. Yana tafiya yana tsayawa. Wasu matan da na tabbata da suna da suna, yanzu sun koma matar wane. Muka lallaɓa har tsamiya. A nan ya tsaya. Ya rufe ido, leɓensa yana motsi, ya ɗaga hannu yana nuna dama, ya sauke.

Ya juyo ya dube ni.

“Ɗiyata, ke da kinka rubuta, gidan wa a biye da tsamiya?”

Ban sani ba. Duk mai buga tafireta ya san abin da nake nufi. An koya mana magana ta shiga kunne ta fita ta yatsu, kada ta tsaya a kai, domin in ta tsaya sauri ya ragu. Kwana ashirin mahaifina yana zuba mini garinsu, ni ina kallon lambar da ke gefen allo ina alfahari da saurin hannuna. Ko gida ɗaya ban riƙe ba.

Na ce masa, “Baba, ban saurara ba.”

Ya gyaɗa kai, ya mayar da idonsa kan tafki. Muka zauna har aka kira la'asar.

Littafin yana nan cikin akwatina. Shafi goma sha ɗaya ne, na ƙarshen ya tsaya a kan tsamiya, sai biro da na ɗora na ja ɗan layi ina jiran suna. Ɗiyata ta ce in an koma biyan wata-wata ita za ta riƙa biya mini, kada in damu. Na ce mata ta ajiye wayar ta zo ta zauna, zan karanta mata wani abu, kuma kada ta rubuta komai.