Ranar da Tsagun Hajiya Babba Suka Ɓace

Ku da kuka shigo aikin nan bana, akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, sati biyu bayan ƙaramar Sallah, a ofishin nan namu na Nassarawa GRA.

Tsarinmu kun san shi. Masu kyamara mata su ɗauko bikin mata, mai haɗa bidiyo ta yanke ta jera a kwamfuta, ni kuma ina bakin ƙofa. Namiji ba ya shiga, waya ba ta shiga. Don haka ake ba mu aiki, saboda mata sun cire mayafi a wurin.

Mun ɗauki wunin bikin jikar wata dattijuwa, Hajiya Babba. Kwana tara bayan biki Allah Ya yi mata rasuwa. 'Yarta, Hajiya Asabe, ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Inna, ba rawa nake so ba. Wurin da Mama take sa wa amarya albarka nake so, kafin 'yan'uwa su watse ranar Alhamis."

Rifkatu, 'yar Zariya, ita ce mai haɗa mana a lokacin. Tana kunnawa, hoton ya fara cijewa. Tsohuwa ta ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama, murya ta wuce ta bar baki a buɗe. Mamaci ba a ce masa ya sake.

Na ce, "Ke, me kika taɓa?"

Ta ce, "Wallahi Inna ban taɓa komai ba. Ina tsoron ko katin kyamarar ne ya lalace. Sai dai Malam Sani ya duba."

Malam Sani shi ne mai gyaran kwamfutocinmu, kuma namiji ne. In na hana shi, maganar marigayiya ta tafi. In na bar shi, na ci amana. Na ɗauko zanin gado na rataya a tsakiyar ɗaki, na ajiye masa kujera ta bayan zanin, na sa aka kira shi.

Ya ce, "Haba Inna, likita ma ai yana ganin majiyyaci."

Na ce, "Kai da kunne za ka gani."

Rifkatu tana karanto masa abin da ke rubuce a allon kwamfuta, yana tambaya. Can ya ce katin lafiya lau. Bidiyon ne ya yi wa kwamfutar nauyi. A yi masa kwafi mara nauyi a yi aiki da shi, amma wurin fitar da kammalallen bidiyon a koma kan na ainihi. Aka yi haka, hoto ya tafi sumul. Washegari Rifkatu ta fitar, ta ce a kai.

Na ce ba inda za a kai sai na gani a babban talabijin. Muka kunna. Murya daidai, motsi daidai, amma fuskar Hajiya Babba ta yi dishi-dishi kamar an shafe ta da sabulu. Ni na tsaya kusa da matar nan a wurin biki, tsagu uku ne a kowane kuncinta. A hoton babu ko ɗaya.

Na ce, "Wannan ba uwarsu ba ce."

Rifkatu ta dafe kai. Ashe ta manta, daga ƙaramin kwafin ta fitar. Ta koma kan na ainihi, kwamfuta ta yi ta nishi har bayan la'asar, ni ko ruwa na kasa sha. Da ta gama, tsagu shida suka fito ras.

Ni na kai da kaina. Da aka kunna, Hajiya Asabe ta matsa jikin talabijin, ta sa yatsa a kuncin uwarta.

Ban san sunan maɓalli ko ɗaya ba. Abin da na sani, in hoto ya cije kada wadda ta goge komai don tsoro. Kuma in kwamfuta ta ce ta gama, ku tashi ku duba fuskar mutum a babban allo, don masu ita sun san ta.