Ranar Da Muka Yi Musayar Waya Da Manaja

Har gobe ban manta ranar da Manaja Nasiru ya goge sunana daga jerin 'yan wasan ofis ba. A gaban ma'aikata ya yi shi, ya ce wai sa'a ce kawai take ɗauke da ni. Shekara goma sha tara ina tuƙa motar ma'aikata daga Suleja zuwa Abuja, shi kuwa lokacin bai cika shekara biyu da zama manajan sufuri ba.

Ku da kuka zo daga baya, bari in yi muku bayanin gem ɗin. Tseren motoci ne a waya, amma ba kai ke riƙe sitiyari ba. Kai ne mai ba da umarni. Ka zaɓi taya, mai laushi ko mai tauri, ka ce wa direbanka ya taka ko ya lallaɓa, ka faɗi zagayen da zai tsaya a canja masa taya. A bakin ma'aikatan da nake ɗauka na koya, in mun maƙale a Zuba. Firamare na tsaya, Turancin ciki ba duka nake ganewa ba, amma ba sai da boko ake gane taya ta ɗauki zafi ba.

Cikin tsere shida na ci huɗu. Da za a fitar da mutum uku su kara da reshenmu na Kaduna, Manaja ya cire ni ya sa kansa.

Na ce, "Yallaɓai, me na yi?"

Ya ce, "Malam Sale, obatekin, wato wuce mota, a gem ɗin nan kamar ƙuri'a ne. Ta faɗo kanka sau huɗu, shi ke nan. Kaduna ba wasa suke ba."

Na ce a gwada mu, wanda ya ci shi zai je. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya yarda.

Ranar Asabar ake duba motoci a garejinmu na unguwar Magajiya. Da aka gama, muka zauna kan benci, Mista Emeka na sito ya zama alƙali. Manaja ya zaɓi filin tsere mai ƙunci, inda wucewa ke da wuya, kuma shi ya tashi a gaba.

Ban ce babu sa'a a gem ɗin ba. In ka kai hari ta gefe, wani lokaci ka wuce, wani lokaci ka ci taya a banza. Shi ya sa ban kai harin ba. Na bar 'yar tazara don kada tayata ta ƙone a iskar motarsa. Shi kuwa yana ta danna gudu yana cewa, "Zo ka wuce mana, Baba direba." Zagaye na tara na shiga wurin canji na sa sabuwar taya. Ya ci gaba da lallaɓa tsohuwa har zagaye biyu. Kafin ya fito daga nasa canjin, na riga na wuce.

Ya ce, "Motarka ce ta fi tawa. Ka daɗe kana gina ta."

Na miƙa masa wayata. Na ce, "Ungo. Ba ni taka."

Emeka ya ce, "Oga, wannan kam gaskiya ne, karɓa."

Tsere na biyu yana gaba da motata, ya kwaikwaye ni, zagaye na tara daidai ya shiga. Abin da bai duba ba shi ne inda zai fito. Ya faɗa tsakiyar motoci uku masu tafiyar hawainiya, ya yi ta harin wucewa har sabuwar tayar ta mutu. Ni hanya ta buɗe mini, na ƙi tsayawa sai a zagaye na goma sha uku. Na fito gabansa da motarsa, wadda ya ce ba ta gudu. Makanikai suka taso suka zagaye benci, wani har da buga sifana a jikin rim ɗin taya.

Abin da nake so ku riƙe, a wayar ko a titi, wuce mota ba a gefenta ake fara shi ba. Tun daga nesa ake lissafa shi. Kuma a aikin nan, in direba ya yi kuskure sai a ce jahilci, in ya yi daidai sai a ce dace.

Manaja ya miƙo mini wayata bai kalle ni ba, ya ce zai sa sakatariya ta gyara jerin.

Na ce, "A'a, Yallaɓai. Ba sakatariya ta goge ba. Litinin da safe, kafin in tayar da mota, a gaban mutanen da ka goge shi, ka rubuta shi da hannunka. In ka manta yadda ake rubutawa, wannan kam na iya."