Malam Yohanna da Ranar da Hantsi Ya Koma Almuru

Shekara goma sha biyu ke nan da muka raka Malam Yohanna makwancinsa a nan Sakkwato. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, domin bai taɓa riƙe wani muƙami ba. Malamin kimiyya ne na sakandare, Kirista, haifaffen wani ƙauye a kan tsaunukan Filato, wanda aiki ya kawo shi garinmu yana saurayi, ya kuma zauna har gashinsa ya yi fari fat. Ni kuwa ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, kuma abokinsa ne na fiye da shekara talatin.

A shagon ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Rini ya fara zama. Mahaifina dillalin shanu ne a kara, mutum mai tsare gida, amma bai yi wata guda ba ya saba da baƙon nan mai yawan ɗaga kai sama. Bayan sallar magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Malam ya fito da rediyonsa. A nan na fara jin yadda son sararin samaniya ya kama shi. Yana ɗan makarantar kwana a shekarar 1969, shugaban makarantarsu ya tara su a gaban rediyo, suka ji an ce mutane sun sauka a kan wata. Ya ce da aka sallame su bai wuce ɗakin kwana ba, ya tsaya a fili yana kallon watan, wanda ko rabi bai kai ba, ya karkata yamma. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ga watan nan kamar yadda ya san shi tun yana goye, amma a daidai wannan lokaci akwai 'yan Adam biyu suna numfashi a kansa.

Mahaifina bai yarda da labarin ba, kuma bai ɓoye ba.

"Malam, in da gaske sunka je, wa sunka iske can?"

"Ba kowa, Baba. Ƙura ce kawai da duwatsu."

"To mi ya kai su?"

"Baba, kai da bakinka ka ce min kana saurayi ka bi ayari har Agadas, ba ka da ko akuya da za ka sayar."

Tsohon ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Har ya koma ga Allah bai ce ya gaskata ba, amma daga ranar duk baƙon da ya zo sai ya sa a kira Malam ya ba shi labarin wata.

Ranar Juma'a, darasin ƙarshe, Malam yakan ajiye alli ya ba ɗalibai labarin da ya karanta a littattafan ƙagaggun labaran kimiyya, ya juye musu shi da Hausarsa da ta gauraye da Sakkwatanci. Akwai na'urar da ake yi wa tambaya ta amsa da murya, akwai mutanen da ke hira suna ganin fuskar juna alhali teku na tsakaninsu. Yara suna kiran wannan darasi tatsuniyar Malam. Lokacin da aka kawo kwamfuta ta farko makarantar, guda ɗaya tak, aka kulle ta a ofis aka lulluɓe da zane kamar jinjiri. Malam ya nemo kwalaye, ya zana madannan kwamfuta a kan kowanne, yara suka yi ta koyon inda kowane harafi yake. Duk ranar da aka kawo wuta sai ya jera su, kowa ya shiga ya rubuta sunansa ya gan shi ya fito a allo. 'Yata Balkisu tana cikinsu. Ta dawo gida ranar nan ta kasa cin abinci don murna.

Daga baya hawan jinin ido ya kama shi. A hankali ganinsa ya yi ta tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bakin tulu, har ya zama haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ya ajiye aiki, ya koma gidan da ya gina a Minanata. Abin da ya fi ci masa rai shi ne rabuwa da karatu. Nakan je bayan la'asar in karanta masa jaridu, in na zo kan labarin kumbo ko tauraron ɗan Adam sai ya ce in maimaita, kuma kada in yi sauri. Ranar da na karanta masa cewa ƙasarmu ta samu tauraronta na farko a sama, ya sa matarsa, Maman Ishaku, ta yanka mana zakara.

A wannan hali ne aka sanar cewa za a yi kusufin rana a shekarar 2006. Tun yana ƙuruciya yake jiran irin wannan rana. An ce ta wajen Gusau duhun zai cika, mu a Sakkwato ɗan ƙiris zai rage. Na ce masa zan nemi mota mu tafi can, ko bai gani ba ya ji a jikinsa. Ya girgiza kai.

"Garba, ni idona ya riga ya tafi. Unguwar nan cike take da yara masu ido biyu lafiyayyu, kuma kowannensu sama zai kalla. Bar ni a nan."

Tsoronsa ke nan. Ya san duk wanda ya ƙura wa rana ido a wannan lokaci, za ta iya ƙona masa gani ba tare da ya ji zafi ba. Ga kuma jita-jita ta cika gari, wasu na cewa alamar tashin duniya ce, wasu na neman wanda za su ɗora wa laifi. Sati guda muna yawo, yana riƙe da kafaɗata, gida gida, makarantar allo da ta boko. Muka je wurin limamin unguwa, Malam ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani. Liman ya saurara har ƙarshe, ya ce za a yi sallar kusufi kamar yadda addini ya koyar, kuma zai gargaɗi jama'a game da idanunsu. Ya cika alkawari.

Ranar ta zo. Da hantsi, rana na tsaka da dukan da ta saba yi mana, haske ya fara canza launi. Bai yi kama da na hadari ba, bai yi kama da na yamma ba, wani irin haske ne mai kama da toka. Malam na zaune kan kujera ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidansa, yara da mata sun kewaye shi. Ya riga ya ce kowace mace ta fito da madambacinta, tukunyar nan mai huje-huje a gindi, a ɗaga ta a juya wa rana baya a kalli ƙasa. Aka ɗaga. Ta kowace huda sai ga ɗan jinjirin wata ya sauka kan yashi. Da na duba ƙarƙashin bishiyar sai na ga ita ma ta zama madambaci, hasken da ke ratsa ganye ya watsu a ƙasa da kan rigar Malam da bayan hannunsa, duk jinjirin wata, ba su ƙirguwa.

Iska ta yi sanyi. Kaji suka kama hanyar akurki. Daga masallaci ana jin muryar liman yana jan doguwar ƙira'a. Malam ya lalubo hannuna.

"Na ji sanyin. Gaya min abin da kake gani, kada ka rage komai."

Na gaya masa, da iyakar kalmomin da nake da su. Da na ce akwai su har a kan hannunsa, sai ya buɗe tafin a hankali kamar wanda aka ɗora wa ɗan tsuntsu. Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Ya ce, "Ikon Allah," a hankali, ya bar tafin a buɗe har haske ya dawo. Ban ji labarin yaro ko ɗaya da ya lalata idonsa a unguwar nan ba.

Hausawa sun ce in da ranka ka sha kallo, kuma ni na sha. Balkisu yanzu aikin kwamfuta take yi a ƙasar waje, in ta kira ina ganin fuskarta har da ɗan tabon da ke goshinta. Ƙanena da ya gaji mahaifinmu a kara yana ɗaukar hoton bijimin sa ya tura wa mai saye a Legas, a gama ciniki sa bai motsa daga turke ba. Na ga hoton roka da ta kai kaya sama ta dawo ta tsaya da ƙafafunta. Na ga hotunan taurarin da haskensu ya taso tun kafin a yi duniyarmu. Tatsuniyar Malam ta zama abin da 'yan keke ke riƙe da shi a aljihu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne wanda jikata ta nuna min a unguwar Arkilla: ta ɗora waya kan jarida, wayar ta karanta da murya, ta juya ta wajen tsakar gida, wayar ta faɗi abin da ke wurin. Na tashi na shige ɗaki. Da Malam ya ƙara 'yan shekaru kaɗan a duniya, da ya koma karatu da kansa.

Me zai ce da ya ga wannan zamani? Na tabbata murna za ta riga komai. Amma na san shi, ba zai rasa tambaya ba. Zai so ya san me ya sa na'urar da ke ɗauke da ilimin duniya ta fi saurin yaɗa ƙarya, me ya sa yaron da zai iya kallon duwatsun duniyar Mars a tafin hannunsa bai san sunan tauraruwar nan zara ba. Ba zai zagi zamani ba, wannan ba halinsa ba ne. Zai nemi wanda zai riƙe wa kafaɗa, ya sake bin gidaje.

Kwanan baya na je gaishe da Maman Ishaku. Ta tsufa, amma ƙwaƙwalwarta garau. Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A ciwonsa na ƙarshe, faston cocinsu ya tambaye shi ko akwai abin da ke damun zuciyarsa. Ya ce ba ya tsoron tafiya, ya san wurin wanda za shi. "Abu ɗaya ne kawai," in ji shi, "za a ci gaba da gano abubuwa, ni kuma ba na nan."

Gaskiyarsa, an ci gaba, kuma ba ya nan. Babu titi ko aji da ke ɗauke da sunansa. Abin da ya rage nasa yana cikin mutane: likitoci, injiniyoyi, teloli, mahauta, matan aure, waɗanda suka ratsa ajinsa ko suka tsaya a ƙofar gidansa, suka koyi cewa mamaki ba wauta ba ne, kuma tambaya ba rashin imani ba ce. Su ne ke gani a madadinsa yanzu. Allah ya raya abin da ya bari, mu kuma da muke da sauran ido, ya ba mu ikon amfani da shi.