Tsohuwa Mai Fito da Takabar Inna

Baba ya rasu cikin hunturu, ina aji biyu a jami'a. Ban yi kuka ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu na unguwar Minanata, aka zaunar da ni kusa da liman saboda ni ne babban ɗa, mutane suna zuwa suna miƙo hannu. "Ya aka ji da haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya." Abokan cinikinsa na kasuwar hatsi suka zo, dangin Inna suka zo daga ƙauyensu wajen Wurno, 'yan ajinmu suka zo a kan baburan kabu-kabu. Na amsa wa kowa yadda ya kamata. Abin da na fi tunawa a kwanakin nan shi ne cinnakun da ke bin gefen tabarma da guntun ƙuli-ƙuli. Na daɗe ina kallonsu.

Bayan addu'ar arba'in ƙanwata ta koma gidan mijinta a Gusau. Gida ya rage daga ni sai Inna, ita kuma tana takaba, ba ta fita ko zaure.

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa an rene ta cikin kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai abin da ya zama dole. Ina zaune a gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Hwaɗa ma wancan tuwo na hucewa." Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ina ƙarami, Baba ta turo ya taɓa mini goshi, ita tana tsaye bayan labule tana jiran ya fito ya gaya mata. Ban taɓa ganin abin a matsayin matsala ba. Baba yakan yi dariya ya ce, "Ku dai kun maishe ni ɗan aike cikin gidana." Da ɗan aiken ya tafi sai gidan ya yi tsit. Da safe in durƙusa ƙofar ɗakinta in ce ina kwana, ta ce lahiya. Da rana in tarar da kwano ƙofar ɗakina an rufe shi da faifai. In ci, in wanke, in kife. Shi ke nan.

Kawu, yayan Inna, manomin shinkafa ne a fadama. Kafin ya koma ƙauye ya kira ni zaure.

"In ta hita takaba zan zo in ɗauke ta," ya ce. "Mi za ta zamna yi nan? Kai kana makaranta, ita da bango."

Na ce, "To, Kawu."

Ba na son ta tafi. Ban san abin da ita take so ba, ba ni kuma da hanyar tambayarta. Na ajiye maganar a wuri ɗaya da rasuwar Baba, inda ba na jin komai.

Muna hutu a lokacin. Wani abokina ɗan unguwar Gidan Dare, wanda muke zama benci ɗaya tun sakandare, ya zo ya karɓi kwamfutar da Baba ya saya mini don karatu, ya dawo da ita washegari da wasa a ciki. "Ka samu abin da za ka kashe," ya ce, "ko dodo na. Zaman ga naka ya hwara ba ni tsoro."

Wasan irin na takubba da dodanni ne. Kai manzo ne da wani sarki mara lafiya ya aika neman magani a ƙasar aljanu, can ƙetaren wani baƙin kogi. Ni ban iya faɗan ba. Yatsuna ba su da sauri, kura ɗaya ma sai ta kashe ni sau da yawa. Amma mutanen cikin wasan suna magana, da Turanci, a rubuce a ƙasan allo, wasan kuma yana ba ka amsoshi ka zaɓa. Amsa ta ƙarshe kullum ɗigo uku ce, wato ka yi shiru. Ita na riƙa dannawa. Ba dabara ba ce, ba ni da abin cewa ne ko a wasa.

Yawancin mutanen in ka yi musu shiru sukan maimaita tambayarsu ko su juya baya. Tsohuwa mai fito ba haka take ba. Ita ke ƙetare da kai kogin a kwalekwale, da wani zalɓe mai ido ɗaya tsaye a goshin jirgin. Ba ta yi wa fasinja magana, zalɓen take yi wa. Ran da na fara shiga, in na mayar da maganarta Hausa, cewa ta yi, "Ga wani kuma. Duba takobinsa sabo, takalminsa tsoho. Haka suke, ƙafa ce abu na ƙarshe da suke tunawa da shi." In ka zaɓi ka amsa mata, sai ta gaya maka ka zauna sosai kada ka kifar da jirgi, ta rufe bakinta har gaɓa. In ka yi shiru sai ta ci gaba da hira da tsuntsunta, kai kuma ka ji komai.

Na bar neman maganin sarki. Duk sanda aka kawo wuta da rana, sai in zauna ƙasan fanka in shiga jirgi, in sauka, in sake shiga. Ni mai karatu ne a hankali, ko takardar da aka naɗe ƙosai a ciki sai na karanta ta, haka na karanta tsohuwar nan. Na lura jimlolinta gajeru ne, ba ta bayani. Na lura in ka shigo da rauni maganarta daban ce da in ka shigo lafiya. "Jini yake zubar mana a jirgi. Kada ka kalle shi, kunya yake ji. Akwai tsumma ƙarƙashin benci, amma ba ni na faɗa ba." Ana ruwa tana da magana, ruwa ya ɗauke tana da wata. Wani lokaci ƙarya take yi wa zalɓen game da shekarunta, can gaba ta manta ta faɗi wani abu daban, na kuma tabbata marubucin ne ya sa ta manta da gangan.

Akwai abu guda da take yawan yi, auna fasinja da wani. "Wannan ya ɗan fi shi tsawo." "Wannan ba ya kaɗa ƙafa kamar shi." Ba ta taɓa cewa ko wane ne ba. Sai a hankali, daga gutsuttsuran magana, na gane ɗanta ne, ita ta ƙetare da shi wata rana bai dawo ba, shi ya sa ba ta bar fito ba duk da tsufanta. Babu wurin da wasan ya tsaya ya gaya maka haka, babu kiɗan tausayi. Wanda ya rubuta ta ya yarda cewa mai sauraro zai haɗa da kansa, wanda bai saurara ba kuma ya wuce abinsa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wani mutum a wata ƙasa mai nisa ya zauna ya rubuta duk wannan domin ɗan wasan da ba ya cewa komai. Ya san yawancin mutane za su danna su wuce. Duk da haka bai yi ha'inci ba, ya gyara kowace jimla kamar kowa zai karanta. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, ba na jin irin waɗannan a lokacin. Na dai ga aiki mai kyau na gane shi.

Abokina ya zo wata la'asar ya leƙa allon.

"Kai, malam! Har yanzu kana cikin kwalekwale? Ni na kashe sarkin aljannu tun wancan sati."

"Ka ji abin da tsohuwar ga ka cewa?"

"Wace tsohuwa? Magana takai?"

"Ɗanta ya ɓace."

"Allah shi bayyana shi," ya ce. "Wasa aka ba ka, ka maishe shi zaman makoki. Ba ni nan in nuna maka yadda aka sare kan dodo."

Na ba shi. Ya danna maganar tsohuwar ta wuce fit-fit kamar ana kaɗa kati, ya sauka gaɓa ya kashe abubuwa har aka ɗauke wuta.

Bayan na yi ta ƙetarewa shiru, wata rana sai sabuwar amsa ta bayyana cikin zaɓin: ka yi wa zalɓen magana. Na danna. Manzon ya tambayi tsuntsun ko uwar ɗakinsa ba ta gajiya. Tsohuwar ta ci gaba da tuƙi, filafilinta yana shiga ruwa. Sannan ta ce, "Gaya masa ina gajiya. Gaya masa ya gyara zama, ya karkata." Na karanta layin nan na sake karantawa. An amsa tambayar, an kuma hana ta yin nauyi, duk a numfashi ɗaya.

Takabar Inna ta kusa ƙarewa. Tana da wata akuya ja da take ɗaurewa gindin dalbejiyar tsakar gida. Wata safiya tana zaune bakin ƙofarta tana tsintar shinkafa a faifai, sai na ɗebo dusa na je na tsuguna gaban akuyar. Na shirya maganar tun jiya, na gyara ta, na rage ta.

"Ke dai kin saba da nan," na ce wa akuyar. "Ban sani ba ko kina son ƙauye."

Hannun Inna ya tsaya a kan faifan. Na jira. Akuyar ta cinye dusar ta kama hannun rigata tana tauna. Can sai na ji ƙarar shinkafa ta ci gaba, Inna ta tashi ta shiga madafa. A wasa in ka zaɓi amsar da ta dace magana tana zuwa, domin wani ya riga ya rubuta ta. Na zare rigata daga bakin akuyar na je na wanke yawun.

Kawu ya zo bayan fitar takaba da 'yan kwanaki. Ya fara biyawa Hubbare ya yi ziyara, sannan ya iso da motar wani ɗan ƙauyensu da ya kawo albasa kasuwa zai koma ba kaya. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Inna ta zauna nesa kaɗan ta ja mayafi, ni na tsuguna wajen randa. Suka gaisa, ya yi wa Baba addu'a, ya ba da labarin ruwan fari da ya sauka a fadama.

"To, tashi ki hiddo kayanki," ya ce. "Mai mota na jira, yana son shi isa kahin magariba."

Inna ta ce, "Yaya, ba ni za ka tambaya ba. Akwai namiji gidan ga."

Ba ta kalle ni ba. Kawu ne ya juyo gaba ɗaya, da mamaki kamar yanzu ya lura ina wurin.

"A'a! To, ɗan boko, an aza maka kaya. Mi kac ce?"

Na dubi ƙasa. Watanni ke nan ina shiru a wasa ana ba ni lada, shirun ya zame mini wurin zama. Amma a gidanmu in babba ya yanke magana yaro ya yi shiru, ya yarda ke nan. Na san haka, Kawu ya sani, Inna ta fi mu sani. Har Kawu ya fara laluben takalminsa da ƙafa.

"Kawu, a bar ta."

"Mi? Ɗaga murya, ba da littahi kaka magana ba."

"A bar ta nan."

"Don tuwo? In tuwo na, aure za mu yi maka."

"Ba don tuwo ba."

"To don mi?"

Ba ni da layi na gaba. Ina jin mai mota yana danna ham a waje. Kawu ya dube ni, ya dubi ƙanwarsa, ya tsaya yana jiran ɗayanmu ya ƙara wani abu.

Inna ta miƙe ta gyara mayafinta. "Yaya, bari in dama maka hura kahin ka kama hanya."

Kawu ya sha furarsa yana mita cewa an sa ya riƙe motar mutane a banza, ya ce mini in na ga abin ya fi ƙarfina in yi aike. Na raka shi har bakin titi. Ban ji na yi nasara ba. Ban ma tabbata abin da take so na faɗa ba, har yau kuma ban tambaye ta ba.

Da na dawo labulen ɗakinta a ɗage yake saboda zafi. Ban yi niyyar leƙawa ba, idona ne ya faɗa. Akwatinta na ƙarfe yana tsakar ɗaki an riga an ɗaure shi da igiya, tabarmar sallarta a naɗe a kai, butarta a gefe. Haka ya kwana. Washegari da na durƙusa gaisuwa na same ta zaune a ƙasa tana kwance ƙullin da farce, ya ƙi kwancewa. Na ce ina kwana, ta ce lahiya. Na je madafa na ɗauko wuƙa, na ajiye a bakin ƙofa.