Ɗan Tsakon Da Bai Waiwayo Ba

Kowace safiya, tun ban gama wanke tukunyar koko ba, sai salulata ta yi ƙara. Ba sai na duba ba, na san Yaya Lawali ne daga Yamai ya sake jefo hoto cikin gurup ɗin danginmu. Ba hotonsa ba, ba na ƴaƴansa ba. Hoton sama ne, wai wata na'urar hangen nesa da aka harba can gaba da duniyar wata, ita ce take ɗaukowa. Yau wani abu ja kamar hayaƙin murhu, gobe wani a murɗe kamar ana dama fura. A ƙasa ya rubuta "Subhanallah", dangi su biyo layi da kabbara. Ni ban taɓa tankawa ba. Ba ikon Allah nake musu ba, Allah ya tsare ni. Mai aikowar ne ya ishe ni, domin Innarmu tana nan ɗakina a Madarumfa, kusa da Maraɗi, idonta ya rufe, kuma rabonsa da ita tun tana iya zura zare a allura.

Ran nan ya ƙure ni. Ya turo wasu taurari shuɗɗa a cunkushe, ya rubuta: "Kun tuna kazar Kaka? To ga ta, babu kaza babu tsako." Har da fuskar dariya. Wallahi sai da na ajiye ludayi na zauna.

Kakarmu Ladi, uwar Inna, bandar kifi take yi a bayan gida, inda iskar tafkin garinmu ke shigowa. Idan masunta suka kawo tarwaɗa da yamma, sai ta jera su kan raga, ta hura wutar kara a ƙasa. Da an idar da isha'i mu jikoki mu kewaye wutar, ido na hawaye don hayaƙi, miyau na tsinkewa don ƙanshi. Ba irin kakannin nan ba ce masu lallashi. Karan da take juya kifi da shi, da shi take gyara mana zama. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tahe, mai gyangyaɗi ta wuce shi." Mu ce, "Ta zo, mun share mata wuri."

Mu duka ita muke kallo, ban da Lawali. Shi rigingine yake kwanciya, baki sake, ido a sama. Sai ta ɗana masa kara a ƙwauri. "Kai mai gidana, ragon banza, mi ka aje can sama? Nan mutane suke."

Tatsuniyar kazar ita muka fi roƙo. Wai wata kaza ce da ɗiyanta a bakin tafkin nan namu, tun ba a san taurarin nan a wurin da suke ba. Cikin ƴan tsakin akwai ɗaya mai dogon wuya. Wata rana da duhu ya leƙa ruwa, ya ga abubuwa farare warwatse suna ƙyalli. Ya ɗaga kai, ya ga ashe a sama suke. Ya ce wa uwar, "Ga tsaba can wadda ta fi gerona kyau." Uwar ta ce ci na gabanka. Bai ji ba. Ya hau danga, daga danga ya hau rumbu, daga rumbu ya hau kan gawo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kaza ta kasa ci, ta kasa sha. Ƙarshe ta tattara sauran ɗiyan, ta bar akurkinta da tsabarta, suka bi sawunsa har sama. Suka hango shi, tana ta kira, shi ko ya riga ya hango wata tsabar a gaba, ya ba ta baya. A nan Kaka takan nuna mana sama da karanta. "Ku duba, ga kaza da ɗiyanta can. Kun ga guda da ba ya hita sosai? Shi ne. Har gobe bai waiwayo ba."

Lawali ya taɓa tambayarta, "Kaka, to ya samu tsabar?" Ta harare shi. "Ubanwa ya damu da tsaba? Ana maganar uwa na kuka kana tambayar tsaba!" Sannan ta rufe da "Ƙurunƙus, kan tarwaɗa na mai kunne," ta miƙa kan kifin ga wanda ya fi natsuwa. Ni na fi kowa cinsa. Lawali bai taɓa samu ba, kuma bai taɓa damuwa ba.

Ranar da ya yi wa kazar dariya na kira shi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Yaya, yaushe za ka zo?"

"Ai sai an ba ƴan lakwal hutu, Rabi. Kin san aikin koyarwa a makaranta."

"Hutu nawa aka ba su tun da Inna ta makance? Mota ɗaya ce fa, ka shiga da asuba ka kwana Maraɗi."

Ya ce da ƙaramar murya, "Ba zan iya ganinta haka ba."

Na ce, "Ita ce ba ta gani. Kai idonka ras yake, har bayan wata yana kaiwa." Na kashe.

Shi da kansa ya taɓa yi mana bayani a gurup, wai hasken da muke gani tsoho ne, ya daɗe da baro tauraron, mai yiwuwa ma tauraron ya mutu ba mu sani ba. Kowa ya yi ta mamaki. Ni kuwa na kalli hoton da ya liƙa a kan lambarsa: Inna ce ranar ɗaurin aurensa, da kwalli a ido, tana dariya. Wannan Innar yake kallo kullum. Wadda nake riƙe wa hannu zuwa bayan gida bai san ta ba.

Ina yarinya na ɗauka ɗan tsakon aka hukunta, tunda ya dushe. Sai yanzu na ga shi ba abin da ya same shi, yana can yana kallon abin da yake so. Kazar ce ta rasa gida. Kuma har yau ina jin haushin Kaka a kan abu ɗaya: ba ta taɓa faɗin komai ba game da sauran ƴan tsakin da ke manne da uwar, alhali uwar wuyanta na miƙe wajen wanda ya tafi.

Inna ta haddace ƙarar saƙonsa. Yau ma da safe, ina ba ta koko, salula ta yi ƙara. Ta tsayar da ludayi a bakinta.

"Lawali ne?"

"Shi ne, Inna."

"Mi ya aiko?"

Na faɗa mata, wani abu ne kamar toka da garwashi a ciki, da ɗigo-ɗigon haske. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah mai iko. Sannan ta juyo da fuskarta wajen da take jin muryata.

"Shi yana ciki?"

"A'a, Inna. Taurari ne kawai."

Ta ce, "To, ki duba na gobe."